Kafin ka sayi injin yankan katako, leƙa bayan faifansa

Duk kafintan da ke aiki a Rano ko Kibiya ya san wahalar jiran inji. Katakon da yake amfani da shi yawanci daga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa yake fitowa, a can ake tsaga shi, a can ake goge shi, sannan a ɗora a mota a biyo ta Bunkure. Idan aka iso aka tarar awo ya kauce da rabin inci, sai dai a koma ga zarton hannu, ko a nemi mai inji a gari a bi layi. Ga shi kuma aiki ba ya jira, musamman bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke yawa kuma kowane uba ke son gadon 'yarsa da sif da madubi su kammala kafin ranar jere. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga kafinta, ko ma'aikacin da ya yi ritaya yana son kafa wa ɗansa sana'a a soron gida, ya ƙudurta sayen injin yanka na tebur, wato wanda faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa ana tura masa katako. Niyya ce mai kyau. Inda ake kuskure shi ne wajen zaɓe, domin tambayar farko da mai saye ke yi ita ce ƙarfin doki nawa ne, ta biyu kuma nawa ne kuɗinsa. A ganina, a wannan yanki namu, abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne abin da aka sanya tsakanin faifan da hannun mai aiki. Injin da mai walda na gida ya haɗa, matuƙar an tilasta masa ya sanya kayan kariya, ya fi dacewa da mutumin Rano a kan tsiraren injin da aka saba gani, ya kuma fi na gwanjo da ake yi wa kallon ya fito daga Turai.

Sai an san abin da faifan nan yake yi kafin a fahimci dalili. Faifan da aka fi amfani da shi mai faɗin inci 10 ne, yana juyawa wajen sau 4,000 a minti ɗaya. Idan aka lissafa, bakin haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 a awa. In faifan mai haƙora 40 ne, haƙori fiye da 2,600 ke wucewa ta wuri guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Mutum mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan aikinsa, yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya janye hannu, kuma a wannan ɗan lokacin haƙora sama da 500 sun riga sun wuce. Ƙwarewa ba ta canza wannan lissafi. Abin da kawai take yi shi ne rage yawan lokutan da hannu zai kusanci faifan.

Kuma hannu ba kasafai yake zuwa wurin faifan da kansa ba, jan sa ake yi. Haƙoran gaban faifan ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur, amma na baya sama suke tasowa. Idan tsagar da aka riga aka yi ta matse, ta kama bayan faifan, waɗannan haƙoran na baya sai su ɗaga falankin su harbo shi wajen mai turawa. Wani lokaci ciki ko ƙirji yake samu, wani lokaci kuma hannun da ke danne da katakon ne ke zamewa ya faɗa kan haƙora. Wannan harbin ya fi yawa da irin katakon da muke samu. Wanda ake kawowa daga kudu, irin su afara da obece da malaina, sau da yawa da ɗanyantakarsa yake isowa, ya sha iskar hunturu ta waje ya bushe, cikinsa kuma da sauran ruwa, don haka da zarar an tsaga shi sai ya murɗe. Na gida kuma, madaci da kawo da ƙirya da marke, tauri gare su, faifan da ya dakushe ba ya cin su sai an danna da ƙarfi, kuma dannawa da ƙarfi ita ce ke kai hannu gaba idan katakon ya kuɓuce. Ga kuma tsohon katakon rufi da ake sake amfani da shi saboda tsada, wanda ba a rasa guntun ƙusa a ɓoye a cikinsa.

A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa mutum wajen 30,000 ne ke zuwa asibiti kowace shekara saboda faifan injin tebur ya taɓa su, kuma kusan 4,000 daga cikinsu suna rasa yatsa ko yatsu. Wannan a ƙasar da injin ke fitowa daga kamfani da murfinsa da takardar bayaninsa ke nan, kuma motar asibiti ke zuwa cikin mintoci. A nan, babban asibitin Rano zai iya tsayar da jini ya ɗinke rauni, amma aikin ƙashi da jijiyar hannu sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar da ba ta gaza awa guda ba daga Rano, daga ƙauyukan Tarai ko Durba kuwa ta fi haka. Kafinta da hannunsa yake ci, ba shi da fansho, ba shi da inshora. Yatsu biyu na hannun dama sun isa su mayar da mai gida ɗan kallo a shagonsa.

Maganin mafi yawan wannan harbi ƙaramin abu ne ƙwarai, har mutum ya ji kunyar faɗa. Wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa daf da bayan faifan, a layi ɗaya da shi, wanda za mu iya kira wuƙar baya. Aikinsa ya shiga cikin tsagar ya hana ta rufewa, ya kuma tare katako kada ya taɓa haƙoran da ke tasowa. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: kaurinsa ya ɗan fi na jikin faifan amma kada ya kai faɗin tsagar da haƙora ke yi, tazarar da ke tsakaninsa da haƙora kada ta wuce milimita 8, kuma idan faifan na hawa da sauka, shi ma ya bi shi. Injinan Turai sun daɗe da shi. Amurkawa sun yi jinkiri, sai daga 2008 aka fara wajabta shi a sababbin samfura, zuwa 2014 ya zama dole a kan dukkansu. Duk mai waldan da zai iya ƙera ƙofar ƙarfe ta miƙe, ko ya haɗa injin casar masara, zai iya yanka wannan ƙarfe ya daidaita shi. Ba ya yi ne saboda ba a tambaye shi ba, mai saye kuma bai tambaya ba saboda bai taɓa ganin inji da shi ba. Haka zancen murfin da ke rufe saman faifan, da murfin bel da fuli, da ƙarfen jagora wanda katako ke bi. Wannan na ƙarshen ma ana raina shi. A yawancin injinan haɗin gida guntun katako ne ake ɗaurewa da matsi biyu, ana bugunsa da guduma har ya yi kusa da awo. In ƙarshensa na baya ya karkato wajen faifan ko da kaurin ƙwayar gero ne, shi da kansa zai riƙa matse katako yana jawo harbi. Jagorar da ke kullewa gam, ta tsaya daidai da faifan, ita ce ke ba da yanka mai kyau, ita ce kuma ke tsare mai yanka, don haka kuɗin da aka kashe mata riba biyu ne.

Akwai wani haɗarin kuma da mu kullum muke tare da shi, wato ɗaukewar wuta. Ana cikin yanka KEDCO ta ɗauke, inji ya mutu da katako a bakinsa. Mai aiki ya tsaya yana tsaki, ya manta bai kashe makunni ba. Bayan awa biyu yaron shago na share dusar katako daga kan tebur, ko yana ƙoƙarin zare falankin da ya maƙale, sai a dawo da wuta. Da makunni irin na fitilar ɗaki, wanda shi ake sa wa yawancin injinan haɗin gida, faifan zai tashi nan take. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya sake kamawa sai an danna da hannu, kuma masu sayar da kayan wuta a Sabon Gari sun san shi domin ana sa wa manyan injinan ruwa. A shagon da ke cikin gida, inda yara ke shige da fice ta soro, ni ba na ganin halaccin kafa inji ba tare da shi ba. A kuma sa maɓallin kashewa babba, a inda gwiwa za ta iya kai masa idan hannu biyu na riƙe da katako.

Zancen wuta shi ne kuma ke rushe mafarkin injin gwanjo. Wanda aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, sai an haɗa shi da taransifoma mai ɗaukar nauyinsa, ba irin ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Idan motarsa ta lantarki irin mai bel ce, za ta yi gudu ƙasa da yadda aka tsara da kusan kashi ɗaya cikin shida, saboda bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa, namu 50. Mafi muni, yawancin waɗanda ke isowa tsofaffi ne da aka ƙera kafin ƙa'idar wuƙar baya, murfinsu kuma ya ɓace tun a can. Tsofaffin injinan Ingila masu jikin zubin ƙarfe, irin na kamfanin Wadkin, nagartattu ne ba shakka, amma galibinsu wuta mai layi uku suke so, wadda gidan talaka a Lausu ko Fassi ba shi da ita. Ko sabon inji ɗan ƙarami mai cin wat 1,800 ba zai tashi da ƙaramin janareton da ake kunna fanka da talabijin ba, domin mota a lokacin tashi tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita. Wutar da ta zo ba ƙarfi kuma ita ce ke ƙona kwayil. Wanda ya ga yadda arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, ya kuma ga inda kuɗin fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ya san cewa kafin a zaɓi inji sai an fara zaɓar abin da zai juya shi.

A nan ne injin haɗin gida ke da fifikon da ba a cika yaba masa ba. Yankin da ke shan ruwan madatsar Tiga, daga Kadawa zuwa Kura da Bunkure, cike yake da ƙananan injinan fetur na ban ruwa masu ƙarfin doki biyar da rabi zuwa shida da rabi, da makanikan da suka san cikinsu kamar yunwar cikinsu, da kayan gyaransu a kowace kasuwa. Tebur mai nauyi, da sandar faifai a kan boris biyu masu kyau, da bel, ana iya juya shi da irin wannan inji yau, gobe in wuta ta samu a mayar da shi kan mota. In boris ya mutu akwai shi a Ƙofar Ruwa, in kwayil ya ƙone akwai mai naɗi. Sabon injin kamfani mai jikin roba kuwa, ranar da wani ɗan haƙorin giya ya karye a cikinsa, sai ya zama abin ɗora buta. Sai dai mai injin fetur ya san abu biyu. Na farko, girman fuli shi ke ƙayyade gudun faifai, kuma kowane faifai an rubuta iyakar gudunsa a jikinsa, wuce ta na iya sa haƙori ya fizge. Na biyu, kashe injin ba ya tsayar da faifan nan take, yana ci gaba da juyawa shiru, kuma a wannan shirun ne mutane ke miƙa hannu su ɗauke guntu. A Ingila ƙa'ida ita ce faifai ya tsaya cikin daƙiƙa 10. Mai walda zai iya sa hannun sassauta bel da ɗan birki, idan an nema. Hayaƙin injin kuma ba na cikin soro ba ne, waje za a kafa shi.

Wani zai ce ai duniya ta wuce nan, tunda akwai injin da ke gane fatar mutum. Gaskiya ne. Wani Ba'amurke masanin kimiyyar lissafi da ƙarfi, Steve Gass, ya ƙirƙiro shi a 1999, aka fara sayar da shi da sunan SawStop a 2004. Yana sa wata 'yar wuta a jikin faifan, da zarar yatsa ya taɓa sai birki ya cafke shi cikin ƙasa da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, mutum ya tsira da ƙwarzane. Amma da dala ake sayensa, kuma kowa ya san inda naira ta tsaya tun 2023. Duk lokacin da birkin ya kama, sai an sayi sabo, galibi har da sabon faifai. Ɗanyen katako kuma na iya ruɗarsa ya kama ba dalili, sai dai a kashe na'urar, wanda ke nufin a irin katakonmu za ta yini a kashe. Ambaton wannan inji a Kibiya bai wuce hira ba, kuma hirar na da illa idan ta sa mutum ya ɗauka cewa kariya kayan masu kuɗi ce, shi kuwa sai haƙuri.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga bakin tsofaffin kafintoci take fitowa, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa murfi na hana ganin layin yanka, yana hana wasu ayyuka kamar fitar da kwari a jikin katako, yana rage sauri, kuma ga su nan shekara talatin suna aiki da tsiraren faifai yatsunsu goma cif. Zancen murfi akwai ƙamshin gaskiya, domin akwai yankan da sai an ɗaga shi. Amma wuƙar baya ba ta tare ido, ba ta rage sauri, in an yi ta ƙasa kaɗan da tsinin faifan ma ba sai an cire ta ba ko a wajen fitar da kwari. Hasali ma tana rage ƙonewar gefen katako da maƙalewar faifai, wato tana ƙara sauri. Batun shekara talatin kuma, waɗanda suka tsira ne ke ba da labari a shago, waɗanda abin ya shafa da yawansu sun bar sana'ar. Sannan ba maigida kaɗai ke taɓa injin ba. A tsarin koyon sana'armu, yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu shi ke tsayawa a bayan inji yana jan katakon da ke fitowa, hannunsa na kusa da haƙoran da ke tasowa, shi ke share tebur, shi ake bar wa shago in maigida ya tafi masallaci ko kasuwa. Uban yaron amana ya kawo. Idan kuma aka ce ƙaddara ce, ba mai musun ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma mutumin da ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu da dare ya riga ya yarda da hakan. Sandar turawa, mai tsawon kamar santimita 45 da ɗan baki a ƙarshenta, daga ragowar katako ake yin ta cikin minti biyar, ita ce ya kamata ta ƙarasa tura ƙafa ɗaya ta ƙarshe ta kowane falanki. Dogon hannun kaftani a naɗe shi, safar hannu kuma ba ta da wuri kusa da faifai mai juyawa, domin haƙori in ya kama zare, hannun zai jawo gaba ɗaya.

Akwai ma wanda bai kamata ya sayi injin tebur ba sam. Kayan ɗakin amare na yanzu yawanci da allunan MDF da filawud ake yin su, masu ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo. Ɗora irin wannan allo a kan ƙaramin tebur, mutum ɗaya na fama da nauyinsa, neman harbi ne da gangan. Zarton lantarki na hannu, da miƙaƙƙen katako a matsayin jagora, allon na kwance a kan benci, ya fi sauƙi, ya fi araha, ya fi aminci, wutar da yake ci ma ba ta kai ta babban inji ba. Wanda aikinsa sif da kabad ne, wannan ya ishe shi. Injin tebur na mai tsaga falanki ne da yawa, mai ƙofofi da tagogi da bencin makaranta. Kowanne aka zaɓa, a tuna da ƙura: tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi, ta MDF kuma da sinadarin gam a cikinta, bai dace tana sauka a tsakar gida inda ake shanya tsaba da girki ba.

Doka ba za ta yi wa kowa wannan aiki ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, amma babu jami'in da zai zo duba soro a Rurum. Waɗanda za su iya su ne ƙungiyoyin kafintoci da na masu walda na Rano da Kibiya da Bunkure, ƙananan hukumomi ukun da ke ƙarƙashin masarautar Rano tun 2024. Idan suka zauna suka amince cewa ba mai ƙera teburin yanka ba wuƙar baya da murfin bel, suka nemi malaman aikin katako na kwalejin fasaha ta Bagauda su zana musu samfuri guda da kowa zai kwafa, cikin 'yan shekaru tsiraren inji zai zama abin kunya. Kafin a kai ga haka, ƙarfin yana hannun mai saye a lokacin ciniki. A faɗi abubuwan nan tun kafin a ba da kafin alƙalami: wuƙar baya, murfin faifai da na bel, jagora mai kulli, makunni mai maganaɗisu ko hannun sassauta bel. Ranar karɓa a je da ɗanyen falanki mai tsawo, a tsaga shi a gaban mai walda da sandar turawa, a auna faɗinsa a farko da ƙarshe, a kashe wuta daga tushe a sake kunnawa a ga ko faifan zai tashi da kansa. Sai an ga duk wannan ya yi daidai sannan a biya cikon kuɗin.